Kuɗin Ƙungiyoyin Gyaran Abinci: Daga Ina Ya Ke Fitowa?

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram da kaka, ya ga damman gero da na dawa jibge a gonaki, ga gyaɗa a shanye, ga riɗi an jingina yana jiran kaɗawa, sa'an nan ya shiga kasuwar Sara ya ga yadda motoci ke lodin buhuna, da wuya ya yarda in an ce masa a wannan ƙasa akwai yaron da abinci ya gaza wa. Amma fa akwai, da yawa kuwa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna a cikin kowane yara 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Jihar Jigawa, 64 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Nijeriya duka 37 ne. Jihar Kebbi kaɗai ta fi Jigawa a wannan lissafi maras daɗi.

Saboda haka ne ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba suka yi ta shigowa da aikin gyaran abinci. Kowa ya san fararen motocinsu. Aikinsu kashi uku ne: su warkad da yaran da tamowa ta riga ta kama, su koya wa mata yadda a ke ciyad da jariri, su kuma riƙa matsa wa hukuma ta sa kuɗin wannan aiki cikin kasafinta. A 2011 aka fara wani babban shiri da a ke kira WINNN a jihohi biyar na Arewa, har da Jigawa, da kuɗin Gwamnatin Ingila, a hannun UNICEF da Save the Children da Action Against Hunger. Bayansa aka zo da wani a ƙananan hukumomin Buji da Gagarawa da Kiri Kasama. Mutanen Birnin Kudu da Gwaram sun san labarinsa, domin Buji maƙwabciyarsu ce. Mace in ta sami ciki sai a riƙa ba ta naira 3,500 kowane wata, daga baya aka mai da shi 4,000, har yaron ya cika shekara biyu, ana kuma haɗa mata da nasiha a kan shayarwa da abinci. Masanan da suka bi sawun shirin sun tarar lalle an sami raguwar tsumburewa a garuruwan da kuɗin ya shiga. Wannan aiki ne na kirki, wanda ya ce ba haka ba bai yi adalci ba.

To, amma a 2019 wa'adin biyan kuɗin ya cika, aka tsaya. Matar da ta haihu bayan nan ba ta ga ko kwabo ba. Ba wai wani ya yi mugunta ba ne, haka yarjejeniyar ta ke tun farko. Kuɗin ƙungiyoyin nan ba daga gonar kowa a Jigawa ya ke fitowa ba. Harajin talakawan wata ƙasa ne, majalisarsu ke yanka shi, ita ke kuma janye shi in ta ga dama. A 2021 Ingila ta rage abin da ta ke bayarwa na taimakon ƙasashen waje. A Janairun 2025 Gwamnatin Amurka ta dakatad da nata, kafin shekarar ta ƙare kuwa ta rufe hukumar USAID ɗungum. A cikin wata shida na farkon shekarar 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labarin yara 652 sun rasu da tamowa a wuraren jiyyarta na Jihar Katsina. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ba manomin Gwaram ɗaya da aka yi shawara da shi ran da aka ƙulla, ba kuwa wanda aka tambaya ran da aka kwance.

Akwai kuma maganar lissafi, wadda malaman ofis za su fi kowa ganewa. Ƙungiyoyin nan suna da akawu, suna da masu binciken kuɗi, suna rubuta rahoto mai kauri. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ɗora wa kowace ƙungiya mai rajista ta riƙa aika bayanin shekara ga hukumar CAC. Sai dai duk takardun nan sama su ke tafiya, zuwa Abuja da Landan da Washinton, da Turanci. Ba su sauka ƙasa. A tambayi dagacin da aka yi shekara uku ana aiki a garinsa nawa aka kashe, nawa ya tafi ga abincin yara, nawa ga man mota da otal da kuɗin zama na taron bita, da ƙyar zai iya ba da amsa. Ba zargin sata a ke yi ba. Amma inda ba a faɗa wa mutane lissafi ba, su kan yi nasu lissafin a bakin kasuwa, nasu kuwa kullum ya kan fi na gaskiya muni. Daga nan ne a ke samun mai gidan da zai hana matarsa kai yaro awo, yana cewa da sunan ɗansa a ke cin abinci.

Yana da kyau mai karatu ya ji yadda wata ƙungiya irin wannan ta ke riƙe kanta a Amurka. Sunanta Center for Science in the Public Interest, masana kimiyya uku suka kafa ta a Washinton a 1971. Ba ta raba wa kowa abinci. Aikinta ta binciki abin da kamfanoni ke sayar wa jama'a, ta buga, ta kuma matsa wa majalisa. Tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har aka yi dokar 1990 wadda ta tilasta a rubuta abin da ke cikin abinci a jikin gwangwani da kwali. Kuɗinta fa? Tana da wata 'yar jarida mai suna Nutrition Action wadda mutane ke biya ana aika musu, ga gudummawar masu karatu da ta wasu gidauniyoyi. Jaridar ba ta karɓar talla, ƙungiyar kuma ba ta karɓar kyautar kamfanoni. Dalili a fili ya ke. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ƙungiyar da mai lemon kwalba ya saya wa mota kuwa ba ta da bakin faɗin illar sukari.

Ba a ce Birnin Kudu ta zama Washinton ba. Abin da a ke so a lura da shi, aikin gyaran abinci iri biyu ne, mai tsada da mai araha, kuma ba aljihu ɗaya ya kamata ya ɗauke su ba.

Mai tsadar shi ne magani. Abincin nan na leda da a ke ba yaron da tamowa ta kayar, gyaɗa ce aka niƙa da garin madara da sukari da mai da wasu sinadarai. Katan ɗaya leda 150 ne, shi ne kimanin abin da yaro ɗaya zai shanye cikin mako shida zuwa takwas kafin ya miƙe. Wannan nauyin hukuma ne, ba na 'yan kasuwa ba. Gwamnatin Jigawa ta taɓa nuna hanya: ta zuba naira miliyan 250 a wani asusu, UNICEF ta ɗora kwatankwacinsa, a 2024 aka miƙa wa jihar katan sama da 12,000. Madalla. Saura a mai da shi abin kowace shekara, a kuma tsare shi, domin akwai marasa tsoron Allah da ke karkatad da abincin nan zuwa kasuwa, ƙato da gemunsa ya saya ya shafa a burodi.

Mai arahar shi ne riga-kafi, a nan ne kuwa manomi da ɗan kasuwa ke da hannu dumu-dumu. A ɗauki gyaɗa. In ta sha fari a ƙarshen damina, ko aka cire ta aka tara da danshi, ko aka shanya ta a ƙasa raɓa na dukanta, sai wata irin fumfuna ta kama ta, ta bar wata guba da masana ke kira afulatoksin. Masara ma haka. Gubar nan ba ta mutuwa da dafuwa, ba ta mutuwa da suya. Tana cin hanta a hankali, har ta kan kawo sankarar hanta, balle ga mai ɗauke da ciwon hanta tun da fari, masana kuma sun danganta ta da tsumburewar yara. An gano ta ne a Ingila a 1960, da talotalo wajen 100,000 suka mutu bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A Kenya a 2004 masara mai wannan guba ta kashe mutum 125. To, ga abin takaici. In mai saye ya tsince gyaɗa mai kyau ya loda, wadda ta yamutse ta yi baƙi-baƙi ba zubad da ita a ke yi ba. Ita ce a ke sayar wa mata da araha, su yi ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa, yara su sha. Watau mai kyau ta tafi birni, mai guba ta koma tukunyar wanda ya noma ta.

Wake kuma nasa ciwon dabam. Don tsoron ƙwaro sai mai ajiya ya kwarara masa fiya-fiya ko Sniper, ya ɗinke buhu, farashi na ɗagawa ya fito da shi. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigad da busasshen waken Nijeriya a 2015, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayad da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni. Turawa dai sun ƙi ci. Wa ya cinye wanda suka ƙi?

Maganin duk waɗannan sananne ne, ba ya kuma bukatar jirgin sama. A shanya amfani a kan tamfol ko dandamali, a bari ya bushe ƙayau kafin a zuba a buhu. A ɗora buhuna a kan katako a sito, kada su taɓa ƙasa ko bango. Wake a sa shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda a ke kira PICS, a ɗaure kowace leda dabam, ƙwaro ya rasa iska ya mutu ba da ɗigon magani ba. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da Aflasafe, ƙwayar dawa ce mai launin shuɗi da a ke watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, ta hana muguwar fumfunar yaɗuwa. Kunun yaro kuwa, gero da waken suya da gyaɗa mai kyau, a soya a niƙa tare, ga zogale a bayan gida. Irin abin da shirin Masaki na Jigawa ke koya wa mata ke nan, da abincin da ke cikin rumbunsu. Abin da ya rage shi ne mai bi gari gari yana nunawa, da mai tsayawa a kasuwa ya ce wannan buhu warin magani ya ke yi, ba za a auna shi a nan ba.

Nawa ne kuɗin wannan? A yi misali kawai. A ce buhu 1,000 ke shiga wata kasuwa a ran cinta, ƙungiyar 'yan kasuwa ta yarda a cire naira 50 a kowane. Naira 50,000 ke nan a mako, a mako 52 ya zama 2,600,000. Ba zai sayi mota ba. Amma zai sayi tamfol na haya, da buhunan gwaji, ya biya ladan mata biyu ko uku masu zagaya gidaje, ya kuma kai samfurin gyaɗa a auna a Kano sau ɗaya ko biyu a shekara. Manomi in ba shi da kuɗi ya ba da tiya ɗaya ta gero ko waken suya da kaka, a tara a rumbun gari don garin kunu lokacin bazara da tsakiyar damina, sa'ad da tamowa ta fi kama yara.

Lalle 'yan kasuwa za su ce rasit ya riga ya yi musu yawa, ga na ƙaramar hukuma, ga na tasha, ga na kan hanya. Gaskiyarsu. Wasu kuma za su ce an sha yin ƙungiya ma'aji ya yi sama da faɗi da kuɗin. Wannan ma ya faru, ba sau ɗaya ba. Shi ya sa ba a so hukuma ta ɗora shi kamar haraji. Sarkin kasuwa da dillalai da masu awo da shugabannin manoma su zauna su yanke da kansu, su sa mata a ciki, tun da su ne masu tukunya. Kuɗin ya kwana a banki da sa hannun mutum uku, ba a aljihun kowa ba. Mai sayad da maganin ƙwari yana iya zama ɗan ƙungiya ya biya abin da kowa ke biya, amma kada a karɓi kyautarsa, kada kuma a ba shi ma'aji. Haka ɗan takara, kome nauyin ambulan ɗinsa.

Sa'an nan a tsai da rana ɗaya a shekara, bayan an gama kai amfani gida, a taru a ƙofar hakimi. Magatakarda ya tashi ya karanta da Hausa abin da ya shigo da abin da ya fita, kwabo da kwabo, a manna kwafe a ƙofar ofishin kasuwa. Duk ƙungiyar waje da ke aiki a gundumar a aika mata da takardar gayyata tun da wata guda, a ba ta kujera a gaba, in an gama karanta na gari ita ma ta tashi ta karanta nata.