Madarunfa: Kafin a jefi kare, a gina masai

Karen da ke cin kashi ba hauka yake yi ba. Yunwa ce, ko tsutsar ciki, ko ɗabi'ar gado, domin karya kan lashe kashin 'ya'yanta ta tsabtace makwanci. Duka ba ya hana shi. Maganin shi ne a ƙosar da shi, a kwashe kashi nan take, likitan dabbobi ya ba shi maganin tsutsa.

Amma babban laifin na mutane ne. Kare ba ya samun kashin mutum sai inda ake bahaya a fili. A gundumar Madarunfa kwalarar 2018 ta fara ɓulla a Nijar, cutar da najasa ke kai wa ruwan sha. 'Yan ci-rani masu aiko kuɗin gini, ku sa masai a lissafi.