Labari Yana Ƙofar Gida

 

A watan jiya wani saurayi daga wani zango na Kumasi ya aiko mana da wasiƙa, yana cewa ya daɗe yana sha'awar rubuta ƙagaggen labari, amma duk sa'ad da ya ɗauki alƙalami sai kansa ya ɗaure. A ganinsa labarai duk suna can Kano da Katsina inda ake da sarakuna da ganuwa, mu kuwa nan ba mu da komai sai kasuwa da tasha. Ya ƙara da cewa yana jin kunyar Hausarsa, don an sha yi masa dariya wai ta gauraye da yaren Asante da Turanci.

To, ɗanmu, mun ji kukanka, kuma mun san akwai irinka da yawa, shi ya sa za mu ba ka amsa a bainar jama'a.

Mu fara da magabata. A shekarar 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Abubakar Imam, saurayi ɗan shekara 22 a lokacin, ya shiga da Ruwan Bagaja. Ya amfana da littattafan Larabci da ya karanta, amma da ya zo gina Malam Zurƙe sai ya ba shi bakin Bahaushe da dabarun da kowa ya sani a kasuwa. Haka ya yi a Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da na Indiya da na Turai, ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne. Ita kuwa Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, abin da ta gani a gidajen aure na Kano shi ta mayar littattafai irin su Wa Zai Auri Jahila? Ɗaya ya samo a karatu, ɗaya a zaman duniya, amma dukkansu mutanen da suka sani suka rubuta.

Yanzu mu duba namu. Kakanninmu fatake ne da suka yi wata da watanni a hanya da jakuna, suna zuwa Gwanja sayen goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su, wasu suka nufi Kete-Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin da ya rubuta waƙoƙi da ajami kan zuwan Turawa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama makonni biyu su bar Gana. A 1983 kuma Nijeriya ta yi nata korar, mutane suka dawo da kaya a ka. Wanda ya gaji wannan duka, ya ce ba shi da labari?

Sai dai tarihi daban, ƙagaggen labari daban. Dabararmu ita ce mu kama mutum ɗaya mai buƙata ɗaya. Ga misali. A ce a korar 1969 wani tela zai tafi, ya ba maƙwabciyarsa mai sayar da koko mabuɗin ɗakinsa, ya ce ta riƙe masa amana, zai dawo bayan salla. Salla ta wuce, shekara goma ta wuce, mai gida yana neman ɗakinsa, ɗanta ya isa aure ba shi da wurin kwana, ita kuwa mabuɗi na nan ƙulle a bakin zanenta. Za ta buɗe ko ba za ta buɗe ba? Ka ga labari ya tashi, kuma ba mu je Kano ba.

Abu na biyu, kunne ya riga alƙalami. Mukan zauna a wurin mai shayi ko ƙofar masallaci bayan la'asar, mu saurari yadda tsofaffi ke jera zance, inda suke yin shiru, da abin da suke kauce wa faɗa. Sau da yawa labarin yana cikin wannan shirun. In tsohuwa a labarinka 'yar Nima ce, bar ta ta yi Hausar Nima. In ka sa mata bakin Bakanuwa ka yi mata ƙarya, mai karatu kuma zai gane.

Na uku, kada ka hau mumbari. Wa'azi yana da masu shi da wurinsa. Aikinmu mu nuna abin da mutum ya shuka da abin da ya girba, mu bar mai karatu ya yanke hukunci. Kuma ka riƙe amana: in labarin maƙwabci ya ba ka tushe, sauya suna da unguwa da sana'a, don alƙalami bai halatta tona asirin kowa ba.

Abin da ke damunmu shi ne lokaci. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1969 yau ya haura 70. Kullum muna kai su makwanci, kowane kuma yana tafiya da abin da ke kansa. In mun yi sakaci, jikokinmu za su karanta labarin zango daga bakin waɗanda ba su taɓa kwana a cikinsa ba.

Saboda haka, ɗanmu, ga aikin wannan wata. Sayi goro, ka tafi wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, ka tambaye shi ranar da ya fara sa ƙafa a garin nan da wanda ya ba shi masauki. Rubuta shafi biyu ka aiko mana. Sannu ba ta hana zuwa.