Kujerar Tuƙi Mai Motsi Ba Wasan Yara Ba Ce

A ɗakina da ke Sabon Gari, nan Wudil, akwai tsohuwar kujerar mota da na ɗora kan firam na ƙarfe. Idan ina gem na tsere a kwamfuta na taka birki, sai ta duƙa gaba. Na sha kwana, ta karkata gefe. Duk wanda ya leƙo tambayarsa ɗaya ce: "Yanzu duk wannan wahalar saboda gem?" A ganina, matashin da ke son sanin yadda manhaja ke sarrafa ƙarfe zai yi wuya ya sami makarantar da ta fi wannan kujerar.

Kayan ba su da yawa. Injin waifa guda biyu da gaɓar farfelar mota, waɗanda na tsinto a Ƙofar Ruwa, sai Arduino Uno, allon IBT-2 mai juya inji gaba da baya, da batirin mota mai bolt 12. Gaɓar farfelar ke riƙe kujerar daga ƙasa, injinan kuma suna ja ko tura ta da sanduna. Mai walda ya gama nasa cikin kwana biyu. Ni kuwa na yi watanni, kuma duk a kan abu mafi arha a cikin kayan: potenshiyomita, wato abin nan da ake murɗawa a ƙara muryar rediyo.

Ga dalili. Injin waifa bai san inda yake ba. Ka ba shi wuta ya juya, ka yanke ya tsaya, shi ke nan. Kamar ka aiki yaro kasuwa ne bai dawo ya gaya maka abin da ya tarar ba. Da ka ɗaura potenshiyomita a kan sandar injin, ɗan aiken ya fara dawowa da labari. Arduino yana karanta matsayin a matsayin lamba daga 0 zuwa 1023. Idan gem ya ce kujera ta je 700 alhali tana 500, tazarar 200 ita za ta faɗi ƙarfin wutar da za a tura. Tana matsowa wutar na raguwa. Wannan lissafi, wanda injiniyoyi ke kira PID, ana maimaita shi sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Ka cika ƙarfin gyaran, kujera ta wuce gurbinta ta dawo ta sake wucewa, ta yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ka rage shi da yawa, sai ka sha kwana ka gama sannan ta karkata, kuma wannan jinkirin ne ke kawo jiri da tashin zuciya. Akwai manhajar SMC3 da ake samu kyauta don wannan aiki, amma ina ba da shawarar mutum ya fara rubuta nasa, ko da ba zai yi kyau ba.

Akwai kuma dabarar yaudarar jiki. Kujerar ba ta zuwa ko'ina, amma idan ta kwanta baya da digiri 10, kusan kashi 17 cikin 100 na nauyinka zai danna bayanka jikinta, kunnen ciki kuma ya ɗauka mota ce ta fizga.

Mu a nan mun fi yaba abin da ido ke gani. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da kayan tsofaffin motoci a Kano. Ya cancanci yabon da ya sha. Sai dai abin da yawancinmu muka ɗauka daga labarinsa shi ne ƙera gangar jiki: mota ta kwali, jirgi na langa-langa, a yi fenti, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ba kasafai ake tambaya ba ko na'urar ta san abin da take yi, ko tana iya gyara kuskurenta. Edwin Link da ya ƙera na'urar koyon tuƙin jirgi a Amurka a 1929, da zugazugan kayan kiɗa na masana'antar mahaifinsa ya yi ta, kuma a 1934 sojoji suka fara saye. Kayansa ma na tsince-tsince ne. Abin da aka biya kuɗi dominsa shi ne yadda na'urar ke amsa hannun matuƙi daidai.

Masu cewa ɓarnar kuɗi ce suna da hujja ta wani gefen. Kujerata ba za ta koya wa kowa tuƙi ba, kuma ba ta kama ƙafar na'urorin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ba. Amma lissafin da ke riƙe ta shi ne ke riƙe zafin injin ƙyanƙyasar ƙwai, shi ke juya farantin sola ya bi rana, shi ke tsayar da get mai buɗe kansa. Garin da ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, ga manoman rani a bakin kogi masu fama da injin ban ruwa, ba zai rasa inda za a yi amfani da wannan ilimi ba.

Hatsarin ma yana wurin ɗan aiken. Wata rana wayar potenshiyomita ta tsinke, Arduino ya ɗauka kujerar ba ta iso ba, ya sake wa injin wuta gaba ɗaya. Sandar ta yi cikakken zagaye, ta fasa potenshiyomitar, ta jefar da ƙanena ƙasa. Allah Ya kiyaye, gwiwa kawai ya kuje. Laifina ne, domin ban rubuta layin da zai kashe inji idan karatun ya fita daga iyaka ba. Yanzu akwai shi, akwai fis, akwai jan maɓalli kusa da hannu mai yanke batirin kai tsaye ba tare da jiran manhaja ba.

Saboda haka mai son farawa kada ya je wurin mai walda tukuna. Ya ɗaure inji ɗaya a kan tebur, ya raba wayarsa da jikin ƙarfen (yawancin injinan waifa suna haɗa su), ya sa masa ma'auni, ya umarce shi ya je 700 ya tsaya cak. Ni sai da na yi sati uku kafin nawa ya tsaya.