Bazara Da Tawakkalin Falke

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su ba ni ɗan fili in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato saurin da muke yi mu ce "ƙaddara ce" duk lokacin da bazara ta taɓa mana dukiya. Zan fara da kaina, don kada wani ya ce da shi nake.

Kun tuna farkon watan Afrilu na 2024. Ana cikin azumi, ba a daɗe da buɗe iyakar Nijar da Najeriya ba bayan rufewar da aka yi tun Agustan 2023, kowa yana rawar jiki ya mayar da abin da ya rasa. A kwanakin ne aka ji zafi ya kai maki 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma nan Maraɗi iskar da ke kaɗawa kamar daga bakin maƙera take fitowa. Na sayo shanu daga wajen Dakoro, wasunsu duk haƙarƙari a waje. Direba ya ce, "Alhaji, mu bari sai bayan la'asar." Na ce a'a, a loda da hantsi. Na kuma sa aka cusa biyu bayan mota ta riga ta cika. A wani shinge aka tsayar da mu, rana na tsaka, ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Kafin mu sauke, uku sun kwanta an tattake su. Ɗaya muka samu muka yanka, biyu mushe.

A zango kowa ya yi mini jaje, "Allah ya mayar da alheri, ƙaddara ce." Na amsa da amin. Amma wallahi a daren nan barci bai ɗauke ni ba. Zafin dai Allah ne ya kawo shi, wannan babu musu. To, wa ya ce a loda da hantsi? Wa ya ƙara biyun nan?

Kada a fahimce ni a baibai. Imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, yana cikin shikashikan imani guda 6, wanda ya musanta shi ya yi asarar da ta fi ta shanu. Sai dai a Islamiyya malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya karantar da mu labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya fara ɗaure raƙumin sannan ya dogara. Annabi Yusufu (AS) kuma, da ya san shekaru 7 na fari suna tafe, tanadin hatsi ya sa aka yi tun cikin shekaru 7 na yalwa. Ko akwai a cikinmu wanda ya fi shi tawakkali?

Ita bazara ba ta taɓa zuwa mana a ɓoye ba. Kowace shekara, da sanyi ya janye, tafkuna su ƙafe, rijiya ta yi nisa, ciyawa ta koma ƙura. Duk da haka dubi rahamar Ubangiji a jikin gawo. Lokacin da sauran itatuwa suka zubar da ganye, shi a lokacin yake kore shar, yana zubo 'ya'ya dabba ta ci, sai damina ta faɗi sannan ya kaɗe nasa. Ni duk sanda na zauna a inuwarsa cikin watan Afrilu sai na yi tasbihi. Ga kuma shamuwa, da ta sauka a kan itatuwan gari ko yaro ya san ruwa ya kusa. Wanda ya tsara wannan bai bar mu babu alama ba.

Abin da yaranmu masu shigowa sana'ar nan ba su sani ba shi ne, ruwan farko ma yana kisa. Saniyar da ta yi wata uku tana lasar ƙasa, hadari ya taso da guguwa, ruwa mai sanyi ya dake ta cikin dare, sai ta kwanta a taɓo ta kasa tashi. Wadda ta tsira kuma ta bi ɗan tsiron da ya leƙo, ta haɗiye shi da rairayi, zawo ya ƙarasa ta. Haka muka gani a 2010. Daminar 2009 ba ta ba da ciyawa ba, shanu suka yi ta faɗuwa a arewacin Dakoro, wajen Gadabeji, ruwan farko ya zo ya kwashe da yawa daga cikin waɗanda suka rage. Tun ina yaro ina bin mahaifina, a yunwar 1984 da mutanenmu ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyaka, ban ƙara shaƙar warin mushe irin na shekarar nan ba.

A nan ne maganar ta fi ɗaci. A 2010 na tsaya a kara, Bafulatani dattijo ya kawo saniya, na taya ta kuɗin da bai kai na buhun gero ba, ya sallama yana kallon ƙasa. Na ce wa raina kasuwa ce ta yi halinta. E, ciniki ya halatta, an taya an sallama. Amma na san ba don yana so ya sallama ba, yara ya baro a ruga babu abin ɗorawa a wuta. Shi ma na ce masa ƙaddara ce, alhali ribar ƙaddarar tasa aljihuna ta shiga. Yau ga shi muna kukan shanu sun yi wuya a kasuwa, mun manta garken wanda muka saye a arha bai sake tashi ba.

Don haka ina ba ƙungiya shawara. Daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, a hana lodi tsakanin hantsi da la'asar a duk zangon da muke da ta cewa, kuma kada dabba ta hau mota sai ta sha ta huta. Wanda ya cusa fiye da ƙima a ci shi tara, ko da ni ne. Dusa da angurya da harawa kuwa, me zai hana mu haɗa kuɗi mu saya tun da kaka suna araha, mu ajiye, in bazara ta matsa mu sayar wa makiyayan da muke hulɗa da su a kan farashi mai sauƙi? Na san za a ce ina amanar da za a riƙe kuɗin. Gaskiya ne, mun sha ganin asusu ya narke. A zaɓi mutum uku, a rubuta komai a littafi, a karanta a gaban kowa ranar taro.

Direban nan dai na neme shi bayan sallah na ba shi haƙuri, don a gaban yaran mota na yi masa tsawa. Ya yi dariya ya ce ya yafe, amma har yau in na kira shi lodi sai ya fara tambaya ta ƙarfe nawa.