Wa Ya Ce Sai Mai Addini Ke Da Kirki?

A bakin Bahaushe, idan aka ce mutum “ba ya tsoron Allah”, an gama da shi. Ba a ba shi ajiya, ba a ba shi bashi, ba a ba shi 'ya. Kalmar ta zuba ɓarawo da maƙaryaci da ɗan damfara a buhu guda. Daga nan aka yanke cewa wanda ya fito fili ya ce shi bai yarda da samuwar Allah ba, wato mulhidi, dole ya fi kowa iya sata da ƙarya, tunda ba shi da wanda zai ji wa tsoro. Ra'ayin ya yi kaka-gida. A wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta yi a ƙasashe 34 a 2019, kashi 93 cikin ɗari na 'yan Najeriya da aka tambaya sun ce sai mutum ya yi imani da Allah sannan zai zama mai halin kirki. A Suwidin kashi 9 ne kawai suka ce haka.

To, a ɗora wannan a kan sikeli. A ma'aunin cin hanci na Transparency International na 2023, Najeriya ta samu maki 25 cikin 100, ta zo ta 145 cikin ƙasashe 180. Denmak, inda 'yan ƙalilan ne ke leƙa coci ranar Lahadi, ita ce ta ɗaya da maki 90. Ba rashin ibada ne ya wanke su ba. Kotu ce ke aiki, jarida na tono, albashi na kai ma'aikaci ƙarshen wata. Amma da a ce gaskiya da amana ba sa tsirowa sai a gonar addini, da ƙasar da ake buɗe taron raba kwangila da addu'a a rufe da addu'a ita ce za ta yi zarra.

Ba sai an je Turai ba ma. Akwai Tai Solarin, malamin makaranta daga Ikenne a jihar Ogun ta yanzu, wanda bai taɓa ɓoye cewa ba ya bin kowane addini ba. Ya bar shugabancin kwalejin Molusi da ke Ijebu-Igbo bayan saɓani da hukumar makarantar kan tilasta wa ɗalibai ibada, a 1956 kuma shi da matarsa Sheila suka kafa makarantar Mayflower. A can yaro ke noma abin da zai ci, da hannunsa ake gina ɗakin da zai kwana, shugaban makaranta na cikinsu yana aiki. Shigarsa kullum gajeren wando da rigar kaki, ko gaban gwamna za shi. A lokacin yaƙin basasa ya shiga yankin Biyafara da kayan agaji, ya kwaso yara ya riƙe a makarantarsa. An san shi da wata ɗabi'a da ya kamata ta sa masu ibada sunkuyar da kai: idan ya tarar da gawa a yashe a gefen titi, jama'a na toshe hanci suna wucewa, shi ne zai tsaya ya ɗauka. Gwamnatin Gowon ta tsare shi saboda rubutunsa, ta Buhari ma ta tsare shi fiye da shekara guda daga 1984. Ya rasu a 1994, yau kuma akwai jami'ar horar da malamai a Ijagun mai ɗauke da sunansa. Mutumin da bai sa ran lada ba, bai kuma yarda akwai wuta ba, me ya sa shi ɗaukar gawar wanda bai sani ba?

Masu irin ra'ayin Solarin suna da amsa, kuma ba a ɓoye take ba. Suna kiran kansu 'yan mutuntaka. A 1952 suka yi babban taro a birnin Amsterdam ƙarƙashin jagorancin Julian Huxley, shugaban UNESCO na farko, suka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Humanists International. Abin da suka tsaya a kai shi ne kowane ɗan'adam yana da daraja, a auna magana da hankali da hujja, kowa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi, kuma gyaran duniya aikin mutane ne. A ganinsu rayuwa guda ce tal. Wanda aka zalunta bai samu haƙƙinsa a nan ba ya yi asara ke nan, don haka babu damar a ce masa ya bari sai ranar gobe. Mumini ba zai yarda da tushen maganar ba, kuma ba a ce ya yarda ba. Sai dai kowa na iya ganin cewa irin wannan tunani ƙara wa mutum nauyi yake yi, ba sauke masa ba.

Misali shi ne Peter Singer, masanin falsafa ɗan Ostireliya, wanda shi ma ba ya da addini. A wata maƙala ta 1972 ya kafa hujja cewa duk wanda zai tsamo yaro daga kududdufi ko da tufafinsa za su ɓaci, to ba shi da uzurin ƙyale yaron da yunwa ke kashewa a wata nahiya. Wannan hujja na cikin abin da ya haifar da ƙungiyar Giving What We Can a 2009, wadda mambobinta ke alkawarin ba da kashi 10 cikin ɗari na abin da suke samu. A Indiya kuma wani mai suna Gora ya kafa cibiyar mulhidai a 1940, babban aikinta zaunar da mutane su ci abinci tare da waɗanda al'ada ta ce ko taɓa su ƙazanta ne.

Za a ce ina Stalin, ina Mao, ina Pol Pot? Suna nan, kuma jinin da suka zubar ba ya wankuwa. Rashin imani ba ya mayar da kowa waliyyi. Amma duk wanda ya ɗora laifin Stalin a kan Solarin ya buɗe ƙofar da ba zai so ba, domin da ita ce wasu Turawa ke ɗora laifin Shekau a kan limamin unguwa.

A Arewa kuwa, mulhidi ɗaya aka fi sani, Mubarak Bala, wanda aka kama a Kaduna a 2020, kotu a Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022 kan rubuce-rubucensa a Facebook da aka ce zagin addini ne, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin shekara biyar a 2024. Tun daga nan kalmar mulhidi ta zama daidai da mai zagi a kunnen jama'a. Shari'ar mutum guda ce aka shafa wa miliyoyin da ba su taɓa zagin kowa ba.

Abin mamaki, malaman sira sun fi kowa sanin raunin ra'ayin cewa sai mai addini ke da kirki. Da Manzon Allah (SAW) ya dawo daga Ɗa'ifa, Muɗ'im bin Adiyyi ne ya ba shi kariya ya shiga Makka, shi da 'ya'yansa riƙe da makamai, kuma Muɗ'im bai musulunta ba har ya mutu. Bayan Badar, Annabi ya tuna da wannan halacci a bainar jama'a. Jagoran da aka damƙa wa sirrin hanyar Hijira, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, yana kan addinin Ƙuraishawa a lokacin. Su mushirikai ne ba mulhidai ba, amma darasin bai canza ba: an bambanta imanin mutum da amanarsa. Harshen Hausa ma ya bambanta. Da Anthony Kirk-Greene ya tattaro siffofin mutumin kirki a wata lacca da aka buga a 1974, abin da ya lissafo ya haɗa da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya, mutunci da adalci. Duk abubuwa ne da maƙwabci ke gani da idonsa. Shi ya sa ake iya cewa wane akwai sallah amma babu kirki, kowa kuma ya gane.

Wanda har yanzu ke tantama ya dubi aikin Leo Igwe, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan mutuntaka ta Najeriya a 1996. Ya shafe shekaru yana bin yaran da aka yi wa ƙazafin maita a Akwa Ibom da Kuros Riba, waɗanda iyayensu suka kora, wasu bayan an ƙona su ko an yi musu dukan kawo wuƙa da sunan fitar da aljani. A 2009 mabiyan wani coci suka kutsa taron da ya shirya a Kalaba suka lakaɗa masa duka. Bai daina ba. Ya yi bincikensa na digirin digirgir a kan matan da aka kora zuwa sansanonin mayu na arewacin Ghana, a 2020 kuma ya kafa Advocacy for Alleged Witches don tsaya wa irinsu. Ba shi kaɗai ke wannan aiki ba, akwai fastoci da limamai da ke yi, kuma yana aiki da su. A watan Yulin 2020, a Ghana, aka kashe wata tsohuwa 'yar shekara 90, Akua Denteh, da duka bisa ƙazafin maita a ƙauyen Kafaba kusa da Salaga, garin da kakannin Hausawa suka sani da fataucin goro. Da rana tsaka aka yi, jama'a sun yi da'ira suna kallo, wani na ɗauka a waya. Majalisar dokokin Ghana ta zartar da dokar haramta ƙazafin maita a 2023, Shugaba Akufo-Addo kuma ya ƙi sa mata hannu har ya sauka daga mulki.