Zaizayar ƙasa a Gombe: An bar jaki ana dukan taiki

Duk shekara idan damina ta kankama, musamman a watannin Yuli da Agusta, mazauna unguwannin da ke bakin kwari a birnin Gombe da ido ɗaya suke barci. Birnin, wanda ya zama mazaunin masarauta a 1919 kuma hedikwatar jiha a 1996, a gangare yake kwance. Ruwan da ya sauka a tudun yamma, wajen Tumfure, yakan gangaro gabas da ƙarfi a kan ƙasa mai yashi wadda ba ta da wuyar zaizayewa. Haka kwazazzabai suka yi ta faɗaɗa suna cin gidaje da hanyoyi da gonaki.

Hukumomi ba su naɗe hannu ba. An gina manyan magudanan kankare a ƙarƙashin shirin NEWMAP, sannan magajinsa ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, ya ɗora a kwarin da ya ratsa ta kusa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya kuma ta ƙaddamar da shirin 3G a 2019 da burin dasa bishiya miliyan ɗaya kowace shekara. Ayyuka ne da suka cancanci yabo. Sai dai kankare ruwan da ya riga ya taso yake tarba. Abin da ke hana ruwan tasowa tun farko, wato ciyawa da ƙananan itatuwa da fadama, shi ne ba shi da gurbi a kasafi.

Asalin ƙasar Gombe daji ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Gamba da kyasuwa su ne shimfiɗarsa, sabara da geza da kalgo kuma su ne turakunsa. Ganyen ciyawa yana karya ƙarfin ɗigon ruwa kafin ya daki ƙasa, saiwoyinta suna ɗaure yashi, suna kuma buɗe ƙananan kafofin da ruwa ke bi ya nutse maimakon ya kwaranya. Sabara da kalgo, ko an sare su, sukan sake tohowa daga kututture, kuma a gindinsu ƙura da ganye ke taruwa su zama taki. Dashen darbejiya mai wata shida ba zai yi wannan aiki ba, ko da ya tsira daga bakin akuya da zafin bazara. Wanda ya kankare hekta guda ta gamba da sabara, sannan ya jera dashe ɗari a wurin, ya yi asara, amma a rahoto riba za a rubuta masa.

Tushen matsalar yana cikin yadda ake auna nasara a ofisoshin Abuja. Dashe yana ƙirguwa, magudana tana aunuwa da kilomita, dukkansu kuma suna da ɗan kwangila da ranar ƙaddamarwa da hoto. Filin da aka hana a taɓa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A takardar neman fili ma sunansa “filin da ba kowa”, alhali makiyayi yana kiwo a cikinsa, mai yankan ciyawa yana samun gambar saƙa zana, mai magani yana tsinkar ganyen sabara.

Wannan kallo zai iya shafar makiyayar Wawa-Zange, mai faɗin kimanin hekta 141,000 a ƙananan hukumomin Dukku da Funakaye, wadda Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024 ta sa wa ido. Rijiyoyin burtsatse da asibitin dabbobi da makarantu abubuwa ne masu kyau, amma jarin makiyaya ciyawarta ce. Idan aka tara garkuna a kewayen ruwa ba tare da tsarin hutar da fili ba, kofato zai daddaɓe ƙasa, ciyawa mai daɗi ta ƙare. Makiyayar kuma tana cikin lanƙwasar Kogin Gongola ne, sama da madatsar Dadin Kowa. Ƙasar da ruwa ya kwashe daga tsiraran filaye a wannan yanki, a ƙarshe cikin tafkin take kwantawa, tafkin da birnin Gombe ke sha daga gare shi, wanda kuma ke juya injinan lantarki masu megawat 40.

Fadamu ma haka abin yake. Fadama soso ce: tana shanye ambaliya da damina, ta riƙa sakin ruwan a hankali da rani. Nan jema ke fitowa, nan zalɓe da balbela da kirinjijiya ke kiwo. Dajin Kanawa da ke kan hanyar Gombe zuwa Dadin Kowa, da maɓuɓɓugansa da inuwarsa, ragowar irin wannan wuri ne, kuma gari kullum matsowa yake yi. Wanda ke shakka ya dubi dausayin Haɗejiya da Nguru. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar ruwan shekara-shekara ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka ɗanɗana kuɗarsu. Shigar da yankin Nguru cikin jerin yarjejeniyar Ramsar bai mayar da abin da aka rasa ba.

Za a ce Gombe na buƙatar filaye, kuma gaskiya ne. Jama'a sun ƙaru, dubban waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu sun samu mafaka a birnin. Amma talakan da aka yanka wa fuloti a kan hanyar ruwa, shi ne na farko da kwari zai cinye wa gida, sannan a ɗebi kuɗin Asusun Kula da Muhalli na Tarayya a gyara abin da tazarar 'yan mitoci ta ciyawa da ta hana.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, amma sharuɗɗan sakin kuɗi a Abuja ake rubuta su. Saboda haka ma'aikatan da ke tsara kasafi da masu rubuta wa ministoci takardun shawara suna da ta cewa. Ya kamata kowane aikin magudana ya zo da sharaɗin killace bakin kwari da tudun da ke samansa a bar ciyawa ta dawo. Ya kamata rahoton dashe ya faɗi adadin da ya rayu bayan shekara uku. Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama da Hukumar Babbar Ganuwar Bishiyoyi, wadda Gombe ke cikin jihohinta 11, su fitar da taswirar fadamu da makiyayun da suka rage, a buga iyakokinsu a jaridar gwamnati, a kuma sa dagatai da arɗo-arɗo cikin tsaronsu tare da ɗan alawus.

Duk wannan bai kai kuɗin kilomita kaɗan na kankare ba. Abin da yake buƙata shi ne jami'in da zai buɗe sabon layi a jadawalin kasafi, ya rubuta yawan hektocin da aka tsare.