A gwada mana a gona ɗaya kafin a ci miliyoyi

Jama'a masu bin wannan shafi, mun gaji da furojen da ake buɗewa da kiɗa da yankan ƙyalle, bayan damina biyu sai allo a bakin hanya ya yi tsatsa. Wanda ya zo da dabara, ya fara nuna mana tana aiki a wuri ƙarami.

Mu ƴan Nijar ba sai an koya mana wannan ba. Bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi da yawa wajen dasa bedi da turare daga gandun reno, akasarinsu suka mutu. A 1983, a yankin Maradi, wani masanin noma ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan sabara da kalgo da muke sarewa kowace bazara itatuwa ne masu rai, saiwarsu na ƙasa. A bar tohon da ya fi ƙarfi, a sassabe saura, shi ke nan. Manoma kaɗan suka gwada, maƙwabta na yi musu dariya.

Bayan yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bari sun samu itacen girki da abincin dabbobi, iska ta daina binne musu shuka. Gani ya kori ji. Yau ana ƙiyasta sassaben zamani ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maradi da Damagaram.

Wasu za su ce gwaji ɓata lokaci ne, talaka na jira. To, shekarun da aka ɓata ana shayar da dashen da ya mutu fa, wa ya biya su?

Ga abin da muke nema wurin magadan gari da ƙungiyoyi: sabon iri ne, famfon hasken rana ne ko murhu, a fara da ƙauye ɗaya. A ajiye gonar gwaji kusa da gonar da ba a taɓa ba, a ƙirga damman hatsi damina biyu ko uku, a faɗi sakamakon a rediyon gari ko da bai yi daɗi ba.

Mu ma mu bar yi wa mai gwaji dariya. Ku faɗa mana a ƙasa: wane furoje ne aka taɓa gwadawa a garinku kafin a kawo shi?